Ɗaura wa ƙaramin injin huɗa mahaɗin jan amalanke: nasiha ga 'ya'yan manoma

Mahaɗin ja shi ne ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bayan ƙaramin injin huɗa domin a maƙala masa amalanke ko tirela. Girmansa bai kai na kwanon sha ba, nauyinsa kuma da wuya ya wuce kilo huɗu, amma duk ƙarfin da injin ke fitarwa ta cikinsa yake bi ya isa ga kaya, duk nauyin da kaya ke turowa a gangara kuma ta cikinsa yake dawowa. Injinan da ake nufi su ne masu ƙafa biyu, waɗanda mutum ke riƙe da hannayensu yana bin su a baya. Wasu na ce musu fawa tila, wasu ƙaramin tarakta, a Nijar kuwa sunansu na Faransanci ya fi yawo a baki. An fi ganin su a wuraren noman rani, kamar Kadawa da Kura da Bunkure, masu shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da filayen Bakolori kusa da Talata Mafara, da fadamun shinkafa na Kebbi da na Gaya.

Huɗa aikin 'yan makonni ne. Da an gama ta sai injin ya koma rumfa ya kwanta, ƙura na hawansa, alhali ga taki na jiran a kai shi gona, ga kwandunan tumatir na jiran a fito da su bakin titi. Ɗa ko 'yar gidan da ya dubi wannan ya ce me zai hana injin ya ci gaba da neman kuɗi, ya yi tunani mai kyau, kuma ya cancanci a yaba masa. Inda matsalar take shi ne yadda ake yin aikin. Gobe kasuwa, yau da la'asar a tura injin wurin mai walda, a tsinci guntun ƙarfe a ƙasa a liƙa masa a duk inda ya samu, a zura rodi, a ce an gama. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa daga amalanken da ake gani sun kife a bakin kwalbati, da giyabos ɗin da suka tsage, daga irin wannan yammacin suka samo asali.

Abu na farko shi ne a san irin injin da ke hannu, domin ba duka aka ƙera don jan kaya ba. Akwai babba mai shan dizal, irin Dongfeng DF-12 na ƙasar Sin da takwarorinsa na Indiya da Japan, mai ƙarfin doki 12 ko kusa da haka, da giya shida ta gaba da biyu ta baya, nauyinsa ya haura kilo 300. Shi wannan tun daga masana'anta yake zuwa da gurbin mahaɗi a bayan giyabos, kuma yana iya jan tirela mai ɗaukar kusan tan ɗaya. Akwai matsakaici mai shan fetur, mai inji irin Honda GX160 ko GX200 ko kwaikwayonsu, ƙarfin doki biyar zuwa bakwai, nauyinsa tsakanin kilo 60 da 120. Wasu daga cikin waɗannan suna da tayoyin tafiya daban da wuƙaƙen huɗa, wasu kuwa wuƙaƙen ne ƙafafunsu, sai an zare su an sa taya a gurbinsu. A kan wannan matsakaicin ne aka fi buƙatar ƙera mahaɗi. Sai kuma ɗan ƙarami na lambu, wanda mutum ɗaya ke ɗagawa ya ɗora a babur. Wannan a ƙyale shi da aikin da ya zo yi. Da yawansu haƙoran giyarsu na tagulla ne, ba su da giyar baya, ba su da birki, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Matasa sukan auna inji da ƙarfin doki, amma a wajen ja nauyi ne ke yanke hukunci. Taya ba ta iya ja fiye da yadda ta kama ƙasa, kamun kuma ya dogara da nauyin da ke danne ta. A busasshiyar ƙasa mai tauri, inji kan ja da ƙarfin da ya kai kimanin rabin nauyinsa kafin tayoyin su fara juyawa a banza. A laka ko rairayi abin bai kai haka ba. Ke nan injin kilo 90 ƙarfin jansa bai wuce na kilo 45 zuwa 50 ba, komai ƙarar da yake yi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan ya isa ya tafi da amalanke mai nauyin kilo 500, domin abin da ke kan taya ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya motsa, kuma wannan sauƙin ne ke yaudarar yaro. Idan hanya ta gangara, ta sauka mita ɗaya a cikin kowace mita goma, wannan kilo 500 ɗin zai riƙa turo injin da ƙarfin kilo 50, wato daidai iyakar abin da tayoyinsa za su iya riƙewa. Ɗan yayyafi ko tsakuwa ya isa ya ƙarasa sauran. Saboda haka ga matsakaicin inji, kaya da amalanke da direba gaba ɗaya kada su wuce kilo 300 zuwa 400, sai fa idan takardar da ta zo da injin ta faɗi wani adadi, a bi nata. Lissafin ba wuya: buhun taki ko siminti kilo 50 ne, jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25, duron ruwa mai lita 200 kilo 200, ban da nauyin duron kansa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Bayan an san injin, sai a nemi wurin ɗaurawa. A bayan yawancin matsakaitan injina akwai wani gurbi da ake zura sandar ƙarfen nan mai jan ƙasa, wadda ke tsai da zurfin huɗa. Gurbin yana ɗaure da notuna a jikin giyabos ko shasi, kuma tun asali an yi shi ne don ya sha ja daga baya, don haka nan ne wurin da ya fi dacewa. Idan ƙarfensa mai kauri ne, sai a zare sandar a yi amfani da shi kai tsaye. Idan na falle ne mai laushi, sai a kwance shi, a ƙera sabo mai kauri a kan ramukan notunan da ya bari. Wurare biyu ne ba a taɓawa da walda. Na farko hannayen tuƙi: bututu ne marar kauri, aikinsa juya inji, kuma yana sama. Na biyu jikin giyabos, wanda ko dai ƙarfen zubi ne ko alminiyon. Walda a kan ƙarfen zubi takan yi kyau a ido ta tsage daga baya, zafinta kuma yana ƙona robobin da ke tare mai, ya gurɓata zaman boris. An sha ganin giyabos ɗin da ya fara ɗigar mai mako guda bayan irin wannan waldar, mai shi yana ta zargin wanda ya sayar masa da injin. Ƙa'idar ita ce a yi wa mahaɗi walda a gefe, a ɗaura shi a jikin inji da noti.

Tsayin mahaɗi daga ƙasa shi ma abin lura ne. Ya kasance daidai da gatari ko ƙasa da shi kaɗan, kuma a tsakiya cif tsakanin tayoyin biyu. Idan ya yi sama, duk lokacin da kaya ya turje sai ya ɗaga hancin injin ya danno hannayen ƙasa, wajen cinya da gwiwar mai tuƙi. Idan ya karkata gefe ɗaya, injin zai riƙa zamewa wannan gefen, mai tuƙi ya wuni yana kokawa da shi. Kuma a matso da shi kusa da gatari gwargwadon hali, domin duk yadda ya yi nisa a baya haka yake ƙara zama kamar sandar ɓamɓara a kan notunan da ke riƙe da shi.

Siffar mahaɗin ita ce wurin da ya kamata a daɗe ana tunani, kuma nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Tsakanin inji da amalanke akwai motsi iri uku. Akwai juyawa dama da hagu, wadda ba a iya kwana sai da ita. Akwai murɗawa, lokacin da tayar amalanke ɗaya ta hau kunya ko ta faɗa rami alhali injin yana daidai. Akwai kuma sunkuyawa gaba da baya. Biyun farko dole ne mahaɗi ya bar su su yi, na ukun kuwa dole ne ya hana shi, ban da ɗan wasa kaɗan. Dalili shi ne injin ƙafa biyu ba ya tsayuwa da kansa. A gona hannun mutum ne ke riƙe shi kada ya kife da hanci ko ya zauna da gindi. Idan mutum ya hau amalanke ya zauna, sandar jan amalanken ce ke karɓar wannan aikin, inji da amalanke su zama kamar mota mai ƙafa huɗu mai gaɓa a tsakiya. Wannan ne ya sa ƙwallon ja na bayan mota, mai kaurin milimita 50, bai dace da nan ba, duk da kyansa da ƙarfinsa. Ƙwallo yana sakin motsin duka uku, kuma ya dace da mota ne saboda ita tana tsaye a kan ƙafafunta huɗu. Yaron da ya tsinci ƙwallo a kasuwar kayan gyara ya yi murna ya ɗaura, da ya saki kuloci hannayen tuƙi za su yi ƙasa, da ya rage wuta su yi sama, shi kuma yana tsakani. Ƙugiya da zobe, ko sarƙa kawai, duk matsalarsu ɗaya ce.

Siffar da ta dace ita ce mai kunnuwa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne da rami, sakata kuma ta ratsa su a tsaye. A bakin sandar jan amalanke sai a yi waldar guntun bututu mai kaurin jiki, a tsaye, tsawonsa kamar santimita 8 zuwa 10, wanda zai shiga tsakanin kunnuwan ya cika gurbin, sakatar ta bi ta cikinsa. Sakatar ce ke ba da damar kwana, tsawon bututun kuma shi ke hana sunkuyawa. Kunnuwa biyu suna da wani amfanin: kafin sakata ta karye sai an yanke ta a wuri biyu, don haka tana ɗaukar kusan ninki biyu na abin da za ta ɗauka a kunne ɗaya. Murɗawa kuwa a jikin sandar ja ake yi mata hanya, da mulmulallen ƙarfe mai juyawa a cikin bututu, wanda aka tare ƙarshensa da babban noti da fil mai hana shi kwancewa, aka kuma cika shi da giris. Amalanken da ba shi da wannan gaɓar, idan ya kife yakan tafi da injin, idan bai kife ba kuma yana murɗe mahaɗin a kowane rami har ranar da walda za ta gaji.

Ƙarfen da za a yi aikin da shi ba wurin tsimi ba ne, domin duka-duka kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Kunnuwa da farantin da ke manne da inji su kai kaurin milimita 8 ga matsakaicin inji, 10 ko 12 ga babba, a kuma tokare su da ƙananan kusurwoyin ƙarfe ta gefe. Sakata ta kai milimita 16 ga matsakaici, 19 ko 22 ga babba, waɗanda su ne kaurin sakatun da ake sayarwa don ƙananan taraktoci. Ramin ya fi sakata faɗi da milimita ɗaya kacal, kuma a huda shi da injin huda. Ramin da aka ƙona da wutar walda bakinsa ba ya daidaita, yana cin sakata kamar zarto. Rodin gini bai cancanci zama sakata ba: gargajen jikinsa yana faɗaɗa rami, kuma ba wanda ya san irin ƙarfen da aka narka aka yi shi, wani ya lanƙwashe, wani ya karye farat ɗaya. A ƙasan sakata akwai ɗan rami na fil mai hana ta tsalle ta fita. Wannan fil ɗin ne aka fi rainawa, ya ɓace a sa ƙusa, ƙusa ta faɗi a sa waya, waya ta tsinke a bar shi haka. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. A ɗaure fil ɗin da 'yar sarƙa a jikin sakata, a kuma ajiye na biyu a akwatin sufana.

A kan kowane noti na kirki akwai lamba. Mai lamba 8.8 kowace murabba'in milimita ta jikinsa tana ɗaukar kimanin kilo 80 kafin ta tsinke, mai 4.6 kuwa kimanin kilo 40, wanda ba shi da lamba kuma a ɗauke shi a matsayin mai rauni. Na 8.8 ake so, mai kaurin milimita 10 ko 12, aƙalla huɗu, da washa mai hana kwancewa ko noti mai roba a ciki, domin injin silinda ɗaya ba ya daina girgiza. Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa: idan an ƙara faranti mai kaurin milimita 8 a ƙarƙashin notin da ke shiga jikin giyabos, dole sabon notin ya fi tsohon tsawo da milimita 8 daidai. Idan ya gaza, zare kaɗan zai kama ya tsige. Idan ya zarce, zai tokari ƙarshen rami ya tsaga jikin, ko ya leƙa ciki ya taɓa haƙoran giya.

Aikin kansa a jere yake. A tsai da injin a daidaitaccen wuri, a saka masa tayoyin da zai yi tafiya da su, a tokare shi yadda zai zauna idan yana tafiya. A kawo amalanken a daidaita gadonsa, a auna tsayin bakin sandarsa daga ƙasa. A yanki kwali a fitar da siffar faranti da wuraren ramuka, a gwada kwalin a jikin inji kafin a taɓa ƙarfe, tun da kwali ba ya tsada. Bayan an yanka an huda, sai mai walda ya ɗiga walda kaɗan-kaɗan ta riƙe guntayen, a ɗaura a gwada, a juya injin dama da hagu har ƙarshe a ga ko taya na taɓa sandar ja, ko hannayen tuƙi na bugun gaban amalanke. Sai komai ya zauna sannan a kwance, a kai gefe a cika walda ciki da waje, a bar ta ta huce da kanta, kada a tsoma ta a ruwa. Idan larura ta sa dole a yi walda a jikin shasi, a cire tankin mai a kai shi nesa, a cire batir idan akwai, a kuma maƙala wayar ƙasa dab da wurin waldar, don kada wuta ta bi ta cikin boris ta ɓata su. Bututun ruwa mai farin shafi hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, a kankare shafin tukuna, a yi aikin a fili. Zaɓen mai walda ma wani abu ne: wanda ya saba da ƙofa da taga daban, wanda ya saba da bodin mota da garma daban. Tambayar dattawan makanikai ba ta rage wa saurayi komai, matambayi ba ya ɓata.

Mahaɗi mai kyau ba ya gyara amalanke marar kyau. Sandar ja ta yi tsawon da mai tuƙi zai zauna ya kama hannayen ba tare da ya miƙe ba, kuma idan an yi kwana hannun da ya shigo ciki kada ya daki haƙarƙarinsa. Kaya kuma a jera shi yadda mafi nauyi zai zauna a kan gatarin amalanke da ɗan gabansa. Masu jan tirela da mota sukan bar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyi a kan mahaɗi, injin huɗa ma yana son hakan, don wannan nauyin yana ƙara danne tayoyinsa su kama ƙasa. Idan kaya ya taru a baya, sandar ja za ta riƙa ɗaga injin, tayoyinsa su yi sakayau a daidai lokacin da ake hawa tudu. Duron da ba a cika ba ya fi cikakke haɗari, saboda ruwan yana kai da komo yana jijjiga komai. Sai birki. Yawancin matsakaitan injina ba su da shi ko kaɗan, na manyan kuma an yi shi ne don injin kansa. Duk amalanken da zai ɗauki fiye da buhu uku ko huɗu yana buƙatar birkin ƙafa a kan tayoyinsa, wanda mai tuƙi zai taka daga mazauninsa, da abin da zai riƙe shi a take idan an tsaya. A ƙara da sarƙar ko-ta-kwana tsakanin shasin inji da sandar ja, mai ɗan sassauci don kwana, amma ba mai tsawon da bakin sandar zai kai ƙasa ya caki hanya ba.

Kafin a fita, wuƙaƙen huɗa a cire su gaba ɗaya. Inda ba su ciruwa da sauƙi, a fitar da giyarsu a ɗaure hannunta yadda gwiwa ba za ta ture ta ba. Gwajin farko a fili ake yin sa, amalanke ba kaya, a giya ta ɗaya: a yi kwana, a tsaya, a ja da baya, a haura 'yar kunya da taya ɗaya. Sannan a sa rabin kaya a maimaita. Bayan awa ɗaya ta aiki a bi notuna da sufana, domin sabon ɗauri yakan saki bayan fenti da tsatsa sun murje, a sake bi bayan kwana ɗaya, daga nan kuma kowane mako.

Tuƙi da amalanke yana da nasa ilimin, kuma gangara ce makarantarsa. Ana zaɓar ƙaramar giya tun a sama, a sauka da ita har ƙasa, ba a canza giya a tsakiya, ba a kama kuloci, ba a sa furi don tsimin mai. Wanda ya cire giya a gangara da wuya ya samu ta koma. Manyan injina suna da ƙananan kuloci biyu a hannayen tuƙi, na dama da na hagu, waɗanda ke sakin taya ɗaya don a yi kwana. A shimfiɗaɗɗiyar hanya idan an matse na hagu, tayar hagu ta daina ja, inji ya juya hagu. A gangara, lokacin da kaya ke turowa, abin juyewa yake: tayar da aka saki ita ce ke ƙara gudu, sai injin ya juya ɗaya gefen. Yaron da bai san wannan ba zai matse hagu don ya kauce wa rami, injin ya kai shi dama, cikin magudanar ruwa. Manya da suka daɗe a kan waɗannan injina ba sa taɓa ƙananan kulocin a gangara ko a cikin gudu, da hannayen tuƙi suke karkata inji a hankali. Irin wannan ne ake cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, sai dai a nan ba sai an hau rimi ba, tambaya ta isa.

Gudu ma jarabawa ce. Babban inji a giyarsa ta ƙarshe yakan kai kimanin kilomita 15 a awa, wanda ga abin da ba shi da sifirin gudu ne mai yawa. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya yakan ninka huɗu. Duk da haka akan samu masu canza fule ko sa manyan tayoyi don su riga abokansu isa kasuwa. Taya mai faɗin santimita 40 a kan gatari mai juyi 100 a minti tana tafiyar kilomita bakwai da rabi a awa. Idan aka sa mai santimita 60, gudun ya haura kilomita 11, ƙarfin ja ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, giyar kuma ta riƙa shan wahalar da ba a ƙera ta dominta ba. Sauri ya haifi nawa. Ja da baya kuwa a yi shi da mafi ƙanƙantar wuta, domin amalanke yakan naɗe farat ɗaya ya matse mutum tsakanin hannun tuƙi da gabansa.

Sutura tana cikin abin da ake dubawa. Bel da fule da babban wilin inji suna gaban mai tuƙi a buɗe idan an cire murfinsu, kuma ba sa bambanta hannun babbar riga da gefen mayafi ko jelar rawani. A mayar da murfin, a sa tufafin da suka kama jiki, 'yan mata masu tuƙi su soke mayafi sosai, a sa takalmi mai rufi saboda birki. Ƙanne za su so a ɗauke su, kuma hana su yana da wuya, amma sandar ja ba mazauni ba ce: wanda ya zame daga kanta a gaban tayar amalanke yake faɗuwa. Haka kuma ba a tsayawa tsakanin inji da amalanke ana haɗawa alhali injin na aiki, kuma ba a daidaita ramin sakata da yatsa. A kashe inji, a sa dutse a tayar amalanke, a jawo sandar da hannu. Idan hanya ta bi ta kwalta, a manna jajayen abubuwa masu ƙyalli a bayan amalanke, a kuma yi ƙoƙarin dawowa gida kafin magariba, don direban babbar mota ba ya tsammanin abu mai tafiyar kilomita 10 a awa a gabansa cikin duhu.

Mahaɗi yana tsufa, kuma yana nuna alama kafin ya bari. Ƙarar ƙwanƙwasa duk lokacin da aka tashi ko aka tsaya tana nufin rami ya faɗaɗa ko sakata ta sirance. Siririn layin tsatsa a gefen walda tsaga ce ta fara, kuma fenti mai haske yana sa a gan ta da wuri. Jan gari kamar na barkono a kewayen noti yana nufin farantin yana motsi. Sakatar da ta lanƙwashe ba a miƙar da ita da guduma a mayar, sabuwa ake sa wa. Ramin da ya zama kamar ƙwai akan huda shi ya ƙara faɗi a saka masa zoben ƙarfe, ko a canza kunnen ɗungurungum. Giris a sakata da gaɓar murɗawa kowane mako ya wadatar, amma a wurin rairayi a goge tsohon kafin a sa sabo, domin giris da yashi idan suka haɗu cin ƙarfe suke yi. Jigila tana sa giyabos zafi fiye da yadda ake zato, don haka a riƙa duba man giya, a kuma duba bel, wanda shi ke fara ƙonewa idan kaya ya yi yawa. Idan lokacin huɗa ya zagayo, sai a kwance mahaɗin, a wanke shi, a shafa masa mai, a ɗaure notunansa da sakatarsa a jikinsa a rataye a rumfa, a mayar da sandar zurfi da tsofaffin notunanta a gurbinsu.